Shuɗin Da Na Nema Wa Surukina

A shekarun mulkin farar hula na biyu ni amarya ce a wani gidan manoman albasa a yankin Danchadi, daga Shagari aka kawo ni. Na gama firamare, abin da ba kowace ɗiya ta samu ba a lokacin, kuma tun ina ƙarama ni mai yawan wasi-wasi ce. Nakan sake alwala don shakkar ko ruwa ya kai gwiwar hannu, nakan koma in duba murhu bayan na san na kashe shi. Ƙarya kuwa ko ta wasa ba na iya yi, sai in kwana ina tuhumar kaina. Na fara da wannan ne don mai karatu ya san cewa duk abin da zan faɗa a nan na aikata shi ba tare da na yi ƙarya ko sau ɗaya ba, kuma da wannan na daɗe ina rarrashin zuciyata.

Mahaifin mijina, wanda duk gidan muke kira Baba, ya daɗe da ciwon sukari kafin zuwana. Ƙwaya yake sha kowace safiya, kuma yana da kayan gwaji da aka ba shi a asibitin Sakkwato: wani ruwa shuɗi a kwalba da 'yar siririyar kwalbar gilashi. Ana zuba ruwan, a ɗiga fitsari, a ɗora kan garwashi. In ya tsaya shuɗi babu sukari a fitsarin, in ya koma kore akwai kaɗan, in ya yi ruwan ɗorawa ko ja to abu ya yi yawa. Na Baba kullum kore ne, kuma likita ya ce masa koren ya ishe shi. Yana alfahari da wannan ƙwarai. Duk mai ciwon sukari a ƙauyukanmu wajensa yake zuwa neman shawara a zaure, shi kuma yana ba da fatawa kamar shi ya rubuta littafin likitocin. Ni ban taɓa haɗa ido da shi ba. In zai shigo cikin gida sai in shige ɗaki, in saƙo ne sai ta bakin uwar mijina, Inna. Haka tarbiyya ta ce, kuma ban ga laifin hakan ba sai daga baya.

Da na samu cikin fari, ƙishirwa ta hana ni sakat, sai maigidana ya kai ni awo Bodinga. Suka ga sukari a fitsarina, suka tura mu Sakkwato, can aka ɗebi jini. Wata ma'aikaciyar jinya ta zaunar da ni ta ce mai ciki dokarta daban ce. Sukarin da ke jinina shi ɗan cikin yake sha, in ya yi yawa zai ƙi tsayawa a girman da ya dace, yana ma iya mutuwa a ciki. Ta ce ni ko kore ba a yarda in gani ba, kuma fitsari kaɗai bai isa ba, dole in riƙa zuwa ana auna jini, a ɗora ni kan allura. Da yake ni mai bin diddigi ce, na ce mata ai surukina kore yake gani kuma an ce masa lafiya lau. Ta yi dariya ta ce tsoho daban, mai ciki daban. Tsohon da ke shan irin wannan ƙwaya, in aka matsa masa sai ya ga shuɗi, sukarin zai faɗi ƙasa ya kayar da shi, kuma faɗuwar ta fi ɗan hawan haɗari a shekarunsa. Ta ce alamarsa gumi ne da rawar jiki da sambatu, maganinsa a ba shi sukari nan take tun yana iya haɗiya. Na riƙe maganar nan kalma-kalma, kamar yadda nake riƙe komai.

Matsalar ita ce wa zai gaya wa Baba. Maigidana ba zai iya buɗe baki gaban mahaifinsa ya ambaci cikin matarsa ba, balle cikin fari. Abin da ya iya cewa kawai shi ne likita ya ce a riƙa kawo ta. Baba ya sa aka gwada nawa da kayansa, Inna ta kai masa kwalbar zaure, ya ga kore. Ina bayan zana ina jin dariyarsa. Ya ce ashe 'yar bokon tasu ma koriya ce irinsa, to a gaya wa likitar gidan, wato ni, ta kwantar da hankalinta. Ya ce lokacin dashen albasa ne, ga mota ta yi wuya, ga kaya sun ɓace a kasuwa, ba zai saki ɗansa yana yawon asibiti ba a kan launin da shi ya shekara da shekaru yana gani. Allura kuwa, ya ce wanda ya fara ta ya zama bawanta. Sai ya yanke hukunci: ciwo ɗaya ne a gidan nan, don haka doka ɗaya ce, abin da ya ishi mai gida ya ishi kowa. Ya aiko mini da shuwakar da yake jiƙawa. Na roƙi Inna ta gaya masa dalilin, ta ce ciki ba cuta ba ne, ita ma ta haifi nata ba allura. Amma kada wani ya ce mini Baba bai sani ba. Yana da ido. Cikin ya fito har ba ya ɓoyuwa, kuma bai taɓa sake tayar da maganar ba.

Ɗan ya daina motsi kafin naƙuda ta zo. Ungozoma ta yi iya yinta ta kasa, aka ɗauke ni zuwa Sakkwato, aka ciro shi namiji, ƙato, ba rai. Ma'aikaciyar nan ta gane ni, ta tambaye ni abin da ya hana ni dawowa. Duk wannan da zan iya haɗiye shi in ce ƙaddara. Abin da ya tsaya mini a wuya shi ne abin da na ji da kunnena ranar da aka maido ni gida, masu jaje na zaure. Baba ya ce musu yaran makarantar nan jikinsu ba ƙwari, kuma mutanen asibiti ne suka tsorata ta har abin cikin ya firgita. Ina kwance, nono na zuba a banza, na ji mutane suna cewa haka ne, Alhaji. A wannan rana na ƙudura cewa sai ya ɗanɗana. Ban san ta yaya ba, amma na tafi wankan jego Shagari da wannan a zuciyata, na kuma dawo da shi bai ragu ba.

Kafin in dawo sojoji sun karɓi mulki, damina ta yi gardama, maigidana ya tafi cin rani kudu. Nawa sukarin ya sauka bayan haihuwar. Baba kuwa idonsa ya fara dushewa, ba ya bambance launin kwalbar, Inna kuma ba ta yarda da nata idon ba. Sai ya zama ita ke dafawa ta kawo mini in duba, ni kuma ke tuƙa tuwonsa. Wata safiya ya aiko ta ta tambayi likitar gida, cikin zolaya, wai a makarantarsu wane launi ne na ɗaya a aji. Na dubi kwalbar, na ga kore. Sannan na ce ta gaya masa ni dai a asibiti an ce mini shuɗi ne lafiya, ko kore ba a yarda in gani ba. Gaskiya na faɗa. Haka aka ce mini. Ai shi ya ce doka ɗaya ce a gidan, to na miƙa masa tawa.

Na san halinsa, ba ya son a ce wani ya fi shi. Ya ce in yarinya za ta iya shuɗi, shi ma zai iya. Na rage masa tuwo, na janye furar hantsi, na cika masa kwano da ganye. Da koren ya ƙi tafiya, Inna ta tambaye ni abin yi, na ce ni an ce mini in bai sauka ba ƙara magani ake yi. Wannan ma gaskiya ce, a kan allurar masu ciki aka faɗa mini. Shi da hannunsa ya ƙara ƙwayar. Kowace kalma sai na auna ta kafin ta fita, don kada ta zama ƙarya a rubuta mini zunubi. Mata na shigowa suna yaba ni, wai ba su taɓa ganin surukar da ke kula da tsoho haka ba. Ni kuwa ina lura da alamomin ɗaya bayan ɗaya. Ya fara gumi da sanyin safiya, hannunsa na rawa in ya ɗauki buta, yana yi wa mutane tsawa ba dalili, har an ce ya rikice a raka'a a masallaci. Ina jin haka sai in ji wani sanyi a ƙirjina. Ba zan ɓoye ba, daɗi nake ji. Ranar da kwalbar ta tsaya shuɗi ya yi murna kamar yaro, ya aiko mini da goro, ya ce Allah ya yi wa ɗiyar nan albarka. Ban ci goron ba.

Kashegari da hantsi yana rumfar albasa yana tsince ruɓaɓɓu, sai Inna ta same shi zaune a ƙasa, riga ta jiƙe sharkaf, yana kiran sunayen mutanen da suka daɗe da mutuwa. Ta ce iska ce ta taɓa shi, aka tafi kiran malam. Ni na san ko mene ne. Ina da ƙwayoyin sukari da aka ba ni a jego, na ɓoye su a cikin kwalla saboda a lokacin sukari ya fi ƙarfin talaka. Na shiga ɗaki na ɗauko su, sai na zauna a bakin gado. Malam ya iso ya fara karatu, ina jin muryar Baba, yana iya magana, yana iya haɗiya. Na ce a raina bari ya ɗan ji yadda ake jiran taimakon da ke cikin gida amma ba ya zuwa. Na ce in malam ya gama wannan surar zan fita. Ya gama, na ce bari ya gama ta gaba. Sai da na daina jin muryar Baba gaba ɗaya sannan na tashi. Na same shi haƙora a datse. Na murƙushe sukarin na shafa masa a dasashi da yatsana, ranar ce farkon taɓa shi da na yi, amma lokaci ya wuce. A bayan motar albasa aka kai shi Sakkwato.

An yi masa ƙarin ruwa, ya farfaɗo bayan kwanaki. Likita ya tambayi wanda ya sa tsoho mai waɗannan shekaru neman shuɗi, Inna ta ce shi ya sa kansa, taurin kai ne da shi. Ina tsaye, na bar laifin a kansa. Ya dawo gida da ƙafafunsa, amma hankalinsa bai dawo duka ba. Abin da nake so tun farko shi ne ya gane, ya san abin da ya yi mini, ya ji nauyinsa. To wannan ne na rasa har abada. Ya manta an yi haihuwar, ya manta an binne. Kunyar da ke tsakaninmu ma ya manta ta, ba ya cin abinci sai daga hannuna. Kowace safiya in na ajiye masa kwano sai ya kama bakin zanena ya ce, ɗiyata, har yanzu ba ki sauka ba? Sannan ya juya ya yi wa ɗansa faɗa, wai ya kai yarinyar nan asibiti, ba a wasa da mai ciki. Maganar da na yi wata da watanni ina jira daga bakinsa ke nan, na kuwa ji ta kullum har shekarun da suka rage masa suka ƙare, daga bakin mutumin da bai san abin da yake faɗa ba.

Na sake haihuwa daga baya, da allura da awo, yaran sun rayu. Inna da maigidana duk sun rasu ba su san komai ba. In na ce fushina ya tafi na yi ƙarya, har yau in na ga sa'o'in ɗana da 'ya'yansu sai zuciyata ta tafasa a kan tsohon nan. Amma na san zaman da na yi a bakin gado nawa ne ni kaɗai, kuma gaskiyar da aka zaɓo don ta cutar ba za ta tsaya mini ba ranar hisabi. Ina roƙon Allah ya yafe mana, ni da shi.

Yanzu an samu na'urar da ake ɗiga jinin yatsa ta nuna lamba, kuma ina ganin mutane a wajen biki suna gwada lambobinsu da na juna, wannan na ce wa wancan tasa ta yi yawa. Ku ji tsoron Allah ku daina. Lambar da aka yanka wa mai ciki ba ita ce ta tsoho ba, ta yaro ba ita ce ta mai ciwon ƙoda ba, kowa ya koma wurin likitan da ya san jikinsa ya tambayi tasa. In kunya ta hana ku faɗa wa babba dalili, ku nemo wanda zai iya faɗa masa, ko da daga wani gida ne. Wanda kuma aka zalunta, kada ya yarda a ba shi kwanon wanda ya zalunce shi alhali zuciyarsa ba ta huce ba. Ni an ba ni, na karɓa.