Gafara Dai, Matar Yaya

Duk wanda ya taɓa sayen daddawa a kasuwar Sara ya san Turai, ko da bai san sunanta ba. Ita ce doguwar tsohuwar nan mai tsage a kumatu, wadda in ka yi wa kayanta tayin wulaƙanci za ta dube ka sama da ƙasa ta ce, "Ɗana, je ka sayi ɗanɗanon kanti, shi ne daidai da miyar gidanku." Bakinta ba linzami, amma daddawarta ba algus, shi ya sa ake haƙuri da ita.

A wata 'yar unguwa bayan Fagam aka haife ta, irin unguwannin da kakanni suka bar tsafi, wasu 'ya'yan suka nufi masallaci, wasu majami'a. Gidan su Turai majami'a suka bi. Ko harafi ɗaya ba ta sani ba, amma abin da aka karanta a gabanta sau biyu ya zauna ke nan. Takan ce maganar Yesu ba ta da wuyar ganewa ga talaka, tunda duk zancen shuka ne da tunkiyar da ta ɓata da mace mai kwaɓa gari. "Wuyarta a aikatawa take," in ji ta. Lokacin nan da baki kawai take faɗa, ba ta ɗanɗana ba tukuna.

Jatau ta aura, manomi mai sanyin hali. Ta haihu ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba, ƙasa ta karɓe su duka sai ɗan farinta, Iliyasu. Saboda kunyar ɗan fari ba ta taɓa kiran sunansa ba, sai dai ta ce "wancan", amma kowa ya san a kansa numfashinta yake. Da Jatau ya rasu, ƙaninsa Barau ne ya tsaya musu. Barau ya musulunta tun yana bin motocin hatsi zuwa Kano, gidansa yana can ƙetaren rafi kusa da masallaci, amma addini bai raba shi da gidan wansa ba. Shi ya koya wa Iliyasu riƙon garmar shanu, shi ya je nema masa aure.

Kullum da safe, kan hanyarsa ta gona, sai ya biyo. A ko'ina sallama yake yi, amma a ƙofar Turai gaisuwar iyayensu yake ɗaukowa. Yakan tsaya a bakin zana ya ɗaga murya, "Gafara dai, matar Yaya!" Ita kuma daga gindin murhu ta ce, "Maraba da malalaci! Rana ta take ka sannan za ka gona?" Ya shigo, su yi ta tsiya irin ta ƙanin miji da matar wa, ya sha koko ya wuce. Al'adar ke nan, wanda ya ce gafara ba ya shiga sai an amsa masa.

Daminar da aka sa auren Iliyasu bayan kaka, Barau ya sayo maganin ciyawa na feshi. Ba shi da halin sayen kwalba guda, sai aka auna masa a tsohuwar robar lemo, kamar yadda kowa ke yi. Ya ajiye ta a inuwar ɗorawa kusa da ƙwaryar fura, ya tafi ɗebo ruwan haɗawa. Iliyasu ya fito daga huɗa maƙogwaro a bushe, ya ga robar, ya ɗauka tsimi ne. Kurɓa ɗaya ya yi ya tofar, amma abin da ya wuce ya riga ya wuce.

Wayyo, da ma nan take ya mutu! Kwana da kwanaki ya yi a asibiti a Birnin Kudu, bakinsa duk ya saɓule, ko yawu ba ya iya haɗiyewa, idonsa biyu yana kallon uwarsa. Ita kuwa tana zaune tana kore masa ƙuda, kunya ta hana ta kiran sunansa har ya cika. Mutane suka ce ƙaddara ce. Limamin unguwa ya faɗa, mai bisharar majami'a ya faɗa, Turai ba ta musa ba. Amma ta ce ƙaddara ba ta da hannun da za ta ajiye guba kusa da fura.

Bayan an share makoki, Barau ya zo da safe kamar kullum. Muryarsa ta dushe. "Gafara dai, matar Yaya."

Turai na tsaye da muciya a hannu. Tun tana yarinya take jin kalmar nan a bakin ƙofa, ba ta taɓa ɗaukarta komai ba sai neman izinin shiga. Ran nan ta ji ta da ɗaya ma'anar, wadda ake roƙo a majami'a. Wato in ta ce maraba, ta ba shi ke nan? A arha haka, a bakin zana, kamar mai ba da aron tankaɗe? Ta ja bakinta ta tsuke. Barau ya daɗe a tsaye, tana hango ƙafafunsa ta ƙarƙashin zana, sannan ya juya.

Washegari ya dawo. Jibi ma haka. Kaka ta zo, yarinyar da Iliyasu zai aura ta auri wani a Farin Dutse, wata damina ta zo ta wuce, wata ta biyo ta, Barau bai fasa ba. Bai taɓa ƙara ko kalma ɗaya a kai ba, bai aiko dattawa ba, bai taɓa ɗaga zanar ba. In an yi girbi sai ta tarar da damin dawa a jingine a waje, ita kuma ta bar wa awaki.

Kada wani ya zaci daɗi take ji. Turai ta san abin da take yi wa kanta sarai. A addu'ar da Yesu ya koyar, wadda ake yi tare kowace Lahadi, akwai inda ake roƙon Uba ya gafarta mana daidai yadda muke gafarta wa masu yi mana laifi. Da an zo wurin sai ta yi shiru, ta bari a wuce sannan ta kama. 'Yar kasuwa ce, ta san ma'anar a ce a auna maka da mudunka. Nata mudun babu ko tsaba a ciki, to da wane baki za ta ce Allah ya auna mata da shi? Ta daina cin jibin Ubangiji, wato abincin tarayya na majami'a. Ta ajiye tulun da take bugawa a zumuntar matan majami'a. Abin da ke cinta shi ne, ta gaskata ɗanta yana wurin Yesu, ta kuma gaskata cewa da wannan zuciyar ba za ta je inda yake ba.

Malam Ishaya, mai bisharar da ke zuwa daga Gwaram a kan babur, ya same ta wata rana tana wanke kalwa. Ya zauna a kan turmi ya ce, "Inna, Ubangijinmu Yesu yana gicciye a kan gungume ya roƙa wa masu kashe shi gafara, ya ce ba su san abin da suke yi ba. Baba Barau ma ai bai sani ba."

Ba ta ɗago ba ta ce, "Na ji, Malam. Shi aka kashe, shi ya yafe. Uwarsa fa da ke tsaye a gindin gungumen, an karanta maka inda ta ce ta yafe?"

 Malam Ishaya ya ce, "Ba a rubuta ba, Inna."

"To ka bar ni in ji da abin da ba a rubuta ba." Ta watsar da ruwan toka. Da ya tafi ta shiga ɗaki ta yi kuka, don ta san cin gardama ba shi ne samun sauƙi ba.

Ana nan, wata safiya ta hura wuta, ta dama koko, rana ta ɗaga, ba ta ji kowa a ƙofa ba. Ta ce a ranta, "Ya gaji. Allah raka taki gona." Washegari ma shiru. Sai ta tsinci kanta tana kasa kunne, tana barin aiki tana duban ƙarƙashin zana. Ashe duk shekarun nan da wannan muryar take jingine. Muddin yana zuwa yana roƙo, gafarar tana hannunta, gobe ma rana ce. Tsoro ya kama ta, irin wanda ba ta ji ba tun asibiti.

Hapsatu, 'yar Barau da ta dawo gida tana kula da shi, ita ta kawo labari. Ya yanke jiki ya faɗi wurin alwala, an kai shi Birnin Kudu an dawo da shi, ɓarin jikinsa ɗaya ya shanye.  Turai ta yafa mayafi, ta ƙetare rafin da ta yi rantsuwa ba za ta sake ƙetarawa ba. A ƙofar gidan ta tsaya turus, don ita ba mai sallama ba ce, kuma gaisuwa ɗaya ta iya. Da ƙyar ta fito da ita. Kafin ta rufe baki Hapsatu ta ce, "Maraba, Inna, shigo."

A soro yarinyar ta riƙe mata hannu ta rage murya. "Inna, kansa ya taɓu. Ya manta abubuwa da yawa. Yana ta tambayar Yaya Iliyasu. Ran farko na gaya masa gaskiya, ya yi ta ihu yana dukan ƙirjinsa kamar yau abin ya faru, bayan an jima ya manta ya sake tambaya. Don Allah kada ki gaya masa."

Barau yana kwance a tabarma ƙarƙashin rumfa, ya zama ƙashi da fata, baki a karkace. Turai ta durƙusa. Maganar da ta yi shekara da shekaru tana dannewa ta taso mata kamar amai. Ta ce, "Barau, na yafe maka. Duniya da lahira na yafe."

Ya ƙura mata ido, sai fuskarsa ta washe. "A'a, matar Yaya! Me kuma na yi miki? Ke dai ba kya rabo da neman magana." Ya yi 'yar dariya, yawu na zuba. "Ina Iliyasu? Bai taso daga gona ba?"

Kai, duniya! Ta kawo kayan da suka fi ƙarfinta, ta tarar babu mai karɓa. Abin da ya fi muni, zuciyar da ta zaci ta wanke ta sake tafasa nan take. Shi ya huta, ya manta, ita aka bar wa gawar! Kalma uku kawai za ta faɗa ta ga ya birgima a gabanta, gobe ta dawo ta sake, jibi ta sake, ba mai hana ta. Har ta ji daɗin tunanin a harshenta, kuma ta ji kunyar daɗin.

Nan ta tuna Bitrus, almajirin Yesu, ya taɓa tambayarsa ko sau bakwai ya isa a yafe wa ɗan'uwa, aka ce masa bakwai har sau saba'in. Da can takan yi dariya ta ce wane mara aikin yi ne zai yi maka laifi har haka kana zaune. Ashe ba sai laifin ya yi yawa ba. Guda ɗaya ya isa, in zai riƙa dawowa.

Ta ce, "Ya yi gaba. Mu ma muna tafe."

"Madalla. Yaron kirki. Ki ce ya biyo ya gaishe ni."

Tun daga ran nan, kasuwar Sara ta rage ganin Turai. Kusan kullum tana ƙetaren rafi, tana taya Hapsatu juya shi da wanke tsummokaransa. Wata Lahadin takan iya faɗin addu'ar duka, wata Lahadin ta tsaya cak a wurin gafarar. Malam Ishaya ya daina tambayarta. Ran da aka yi ruwan farko na bana, Barau ya shaƙi ƙamshin ƙasa ya yunƙura zai tashi, ya ce a kira masa Iliyasu su ɗaura wa shanu garma kafin danshi ya gudu. Turai ta fita bayan gida ta cusa mayafi a baki ta yi ihun da za ta yi. Sannan ta goge fuska ta dawo, ta tarar ya ɓata shimfiɗarsa, ta ce wa Hapsatu ta kawo ruwa.