Karkarwar Hannun Baba Wanzami

Shekara bakwai ke nan, a wannan wata na Rajab, da aka kai mahaifina, Malam Garba wanzami, makwancinsa. Tun shekarar farko na so in yi wannan rubutu, amma duk sanda na zauna sai in tarar babu abin da ke bakina sai maganar gajiya, ni kuwa ina ganin bai dace 'ya ta tuna ubanta da wannan kalma ba. Yanzu na daina jin kunyarta. Shekara tara muka yi muna jinyarsa, ni da Inna mahaifiyata, kuma har yau ba mu gama hutawa ba.

Duk wanda ya tashi a Zongon Lome ya san shi, ko da bai san sunansa ba. Dogo ne, siriri, kullum da zabirarsa rataye a kafaɗa. Wanzanci gado ne a gidanmu, tun kakansa da ya taso daga ƙasar Katsina ya biyo fatake har bakin teku. Aski, ƙaho, askin jariri ranar suna, duk shi ake aika wa. Mata sukan ce jariri ba ya ko farkawa a hannunsa.

Inna ce ta fara lura. Idan ya zauna bayan la'asar ya ɗora hannu a gwiwa, sai babban yatsansa na dama ya riƙa murza ɗan'uwansa, kamar mai jan carbi alhali babu carbin. Abin mamaki, da ya ɗauki aska sai karkarwar ta tsaya cak. Shi ya sa ya ce ba komai ba ne. Amma mutane suna da ido. Wasu suka ce Malam Sani, wanzamin da ke can ƙasan layinmu, shi ya yi masa sammu don ya gaje masa gidajen da yake aski. Wasu suka ce ai a ɓoye yake shan sodabi, giyar nan ta mutanen gari. Wannan ta biyun ita ta fi yi masa ciwo, mutumin da bai taɓa rasa sahun farko ba. Daga baya fuskarsa ta daina motsi, ba murmushi ba ɗaure fuska, sai aka ƙara da cewa girman kai ya kama shi.

Shekara guda muka yi a kan rubutu da turare da saiwoyi. Ba na zargin kowa, abin da muka sani ke nan. Ni ce na yi makarantar Faransanci a gidan, ina aikin buga takardu a wani ofis a unguwar Hanoukopé, don haka ni na matsa har ya yarda muka je babban asibiti wajen likitan ƙwaƙwalwa. Likitan ya sa shi ya yi tafiya ya dawo, ya buɗe hannu ya rufe, ya lanƙwasa masa gwiwar hannu yana saurare kamar mai gwada ƙyauren da ya yi tsatsa. Ya juya ya yi wa nas wata gajeriyar magana da ban kula da ita ba, sannan ya dube ni ya yi bayani da Faransanci. Ya ce sunan ciwon Parkinson. Wani ɗan wuri ne a ƙwaƙwalwa da ke fitar da sinadarin da ke sa motsin jiki ya yi laushi, shi ne yake mutuwa a hankali. Akwai ƙwayar da ke maye gurbin sinadarin, amma ba ta tsayar da ciwon. Zai yi ta gaba ne, ba ya dawowa baya.

Baba ya ce, "Uwani, me ya ce?"

Na ce, "Ya ce ciwon jijiya ne, Baba. In ka riƙe magani za ka warke."

Ya gyaɗa kai, ya ce Allah ya sa.

Kuma da farko sai ƙaryata ta yi kama da gaskiya. Ƙwayar ta yi aiki kamar an kwance shi daga ɗauri. Ya koma kan kekensa, ya koma gidajen suna. Ni kaina na fara yarda da abin da na faɗa. Sai dai ciwon yana da nasa lissafi. Ƙwayar da ke kai shi daga hantsi zuwa azahar ta koma ba ta kai shi, aka ƙara yawan sha. Likita ya ce kada a haɗa ta da nama ko wake, a ba da tazara, don suna hana ta shiga jiki. Inna ba ta karanta agogo, sai ta ɗaure kowane sha da kiran salla, ta tsara girkin gidan kaf a kan ƙwaya guda. Watan azumi kuwa liman da kansa ya zo ya ce masa Allah ya ɗauke masa. Ya ji, amma bango yake fuskanta in zai sha maganin da rana, ko mu ba ya so mu gani.

Abin da ba a gaya wa mai jinya shi ne maganin yakan ɓace daga gari. Sai in hau zemijan, babur ɗin haya, in bi kantunan magani tun daga unguwar Avédji har babbar kasuwar Assigamé, kowa ya ce sai sati mai zuwa. Sau da yawa sai na tsallaka iyaka zuwa Aflao ta Gana nake samowa. Akwai lokacin da ya kwana tara babu ko ƙwaya ɗaya. Ya kwanta kamar itace, idonsa kawai ke bin mu. Ranar da na samo, ina shigowa na zauna a dokin ƙofa na kasa ƙarasawa ciki, Inna ce ta zo ta zare ledar daga hannuna.

A shekara ta huɗu na haifi 'yata ta fari. Ya ce shi zai yi mata askin suna, kamar yadda ya yi mini. Surukata ta ja ni gefe ta ce ita fa gabanta na faɗuwa, na ce ta yi haƙuri. Ya lissafa lokacinsa, ya sha ƙwayar da wuri don ta kama jikinsa kafin a taru. Aka miƙa masa jaririyar, ya jiƙa mata kai, ya buɗe aska. Sai hannun ya tsaya a sama. Ba karkarwa yake ba, tsayawa ya yi, bai yi gaba ba bai yi baya ba, askar tana ƙyalli a saman kan yarinyar. Ban san tsawon lokacin da ya ɗauka a haka ba. Da ƙyar ya sauke hannun, ya ɗaga kai ya duba cikin maza har ya hango wanda yake nema.

"Malam Sani," ya ce, "zo ka yi wa jikata aski."

Mutumin da aka shekara huɗu ana cewa shi ya nakasa shi. Malam Sani ya taso yana share ido, ya durƙusa ya karɓi askar. Da aka gama Baba ya tura masa zabirar gaba ɗaya, ya ce ta fi amfani a wajensa. Daga ranar ba a ƙara maganar sammu a layinmu ba.

Da yamma, bayan an watse, na same shi a ɗaki. Na ce kada ya damu, in ya warke zai karɓi kayansa.

Ya ce, "Uwani, ki daina wahalar da kanki. Ranar nan a asibiti, abin da likita ya gaya wa nas da Mina ya faɗa, yaren mutanen gari. Cewa ya yi, tsohon nan sana'arsa ta kusa ƙarewa, ga ciwon ba ya warkewa. Shekara arba'in ina aske kawunan mutanen garin nan. Faransanci ne ban iya ba."

Na ce, "Me ya hana ka gaya mini, Baba?"

Ya ce, "Na ga ke ce kike bukatar in warke. Sai na bar miki."

Shekara biyar da suka biyo baya ba su da labari mai daɗin ji, kwana ne kawai a kan kwana. Idan ya zo bakin ƙofa sai ƙafarsa ta manne da ƙasa. Wata mai gashin ƙashi ta koya mana dabara, Inna ta riƙa jan layuka da alli a kan simintin tsakar gida, yana tsallaka su ɗaya bayan ɗaya yana salati, kowane salati taku guda. Maganin kansa ya zo da nasa ciwon, wani lokaci ya sa jikinsa ya yi ta murɗewa ba da sonsa ba. Muryarsa ta koma raɗa. Ruwa ya fara sarƙe shi, sai koko mai kauri, cokali cokali. Ina zuwa kafin aiki in taya Inna tayar da shi, in dawo bayan aiki in taya ta kwantar da shi. Wata safiya na makara, ga shi ya tsaya a bakin bayi ya kasa shiga, sai na ji bakina ya ce, "Baba ka taka mana, don Allah!" da muryar da ban taɓa yi masa magana da ita ba. Ba ya ma iya nuna ɓacin rai a fuska. Na nemi gafararsa, ya matse mini hannu. Ni ce ban gama yafe wa kaina ba.

Ciwon ƙirji ne ya ɗauke shi, bayan abinci ya sarƙe shi, wata Alhamis bayan la'asar. Abin da na fara ji, Allah ya gani, sauƙi ne, kamar an sauke mini kaya. Kukan sai daga baya ya zo.

Yanzu waya ba ta barin mutum ya manta. Kusan kullum sai an turo mini hoton wani a ƙasashen waje da aka dasa wa siririyar waya a ƙwaƙwalwa, a taɓa maɓalli karkarwa ta tsaya. Ko labarin masu bincike sun kusa gano ciwon tun kafin ya bayyana, ko sun fara gwada sabon magani. Ina karantawa, ina yi musu addu'a da gaske, don na san abin da ke jiran gidajen da ciwon bai shiga ba tukuna. Amma ina tunanin da Baba yana nan, da zai saurara har ƙarshe, sannan ya tambaya ko abin ya iso Zongo. Bai iso ba. Tsohuwar ƙwayar ma har yau tana ɓacewa. Abin da ya canza kaɗan ne, amma ba zan raina shi ba: bara da hannun wata maƙwabciyarmu ya fara rawa, asibiti 'ya'yanta suka nufa kai tsaye, ba wanda ya ce giya, ba wanda ya nuna gidan wani. Ina ganin wannan zai fi faranta masa rai a kan duk hotunan wayata.

Me ya rage na mutum kamar shi? Bai bar fili ba, bai bar littafi ba. Samarin yanzu injin aski suka sani, a shagunan da ke da madubi da kiɗa. Amma in na ga magidanta suna fitowa daga masallacin Juma'a, na san rabinsu hannunsa ne ya fara taɓa kawunansu suna da kwana bakwai a duniya, kuma bai taɓa yanke ko ɗaya ba. Ya san ranar da ya kamata ya tsaya, ya tsaya a gaban jama'a.

A jikina kuma ya bar wani abin da ban zaɓa ba. Ban iya sauri ba yanzu. A cikin cunkoson Assigamé mutane suna ture ni, masu babur suna danna mini oda, ni kuwa ina tafe a hankali, hannuna na dama ɗan buɗe a gefe, kamar har yanzu Baba yana dafe da shi. Maigidana yakan waiwayo ya ce, "Ki ɗaga ƙafa mana, rana tana yi." Sai in ce masa ya yi gaba, ina nan tafe.

Allah ya jiƙan Malam Garba, ya sa ciwon ya zame masa kaffara. Inna kuma, Allah ya ba ta hutu tun tana da rai.