Ɗakin Yelwa da Ban Ce Ya Kama Ba

Ɗan farina malamin makaranta ne. Ban taɓa kiran sunansa ba, tun ranar da aka raɗa masa shi. Haka muka taras, haka uwata ta yi da yayana. Ɗan fari ba a kiran sunansa, ba a zama hira da shi, ba a nuna wa mutane an damu da cinsa ko shansa. Da aka yaye shi, ƙanwar ubansa ta ɗauke shi ta raina. Ita yake kira Goggo, ita yake kai wa kukansa. Ni kuwa in zan ambace shi sai in ce "wancan". Da ya fara koyarwa na samu sauƙi, na bi bakin mutanen gari ina cewa Malam.

Ƙauyenmu yana bakin ruwa, a ƙasar Ngaski, kuma wani hannun ruwa ya shiga tsakaninmu da hanyar mota. Shekarar da aka binne ubansa, a shekarar aka ba shi aiki a wata firamare a Yelwa. Ya tafi neman ɗaki, ya kwana biyu yana bin unguwanni, ya dawo. Ban tambaye shi ba. Ina zaune ina tsintar shinkafa na ji yana ba matarsa labari ta bayan zana. Ya ce ciki da falo ne, bayan gida ɗaya na 'yan haya duka, ruwa sai an saya, itace sai an saya, kuma mai gidan yana son kuɗin shekara a dunƙule.

"In na biya wannan, mi za mu ci?" in ji shi. "Nan ɗaki namu ne, shinkafa ta fadamarmu ce, kifi maƙwabci ya miƙo ta kan danga. Ga Inna ko takaba ba ta fita ba. Zan riƙa zuwa ina dawowa."

Matarsa 'yar Warra ce, bakinta ba ya ajiye magana. Ta ce, "To Malam, ka zama agwagwa ke nan. Kullum sai ka jiƙa ƙafa kafin ka ci abinci."

Ya yi dariya. Ni ma na yi murmushi a kan faifaina, don raina ya yi fari da jin ba zai tafi ba.

To, ga yadda tafiyar take. Da an sallame asuba zai fito, takalmansa da littattafan yara a cikin leda, wandonsa a naɗe zuwa gwiwa. Ya gangara bakin ruwa ya jira jirgi ya cika, don mai jirgi ba ya tayar da inji saboda mutum ɗaya, ko da malami ne. In ruwa ya cika bayan damina, ƙetarawar tana da faɗi, ga kututturan itatuwa a ƙarƙashi da sai wanda ya san wurinsu yake kauce musu. In ruwa ya janye da bazara, jirgi ba ya kai gaɓa, sai a sauka a taka laka. A can ƙetare ya wanke ƙafa, ya sa takalmi, ya ɗauki babur ɗinsa a gidan wani ɗan'uwanmu inda yake ajiye shi. Daga nan hanyar ƙasa, daga hanyar ƙasa kwalta, daga kwalta Yelwa. Ya tsaya a gaban yara har a tashi. Sa'an nan ya juyo, ya sake bin duk abin da ya bi da safe, ya sake jiran jirgi. Ranar da aka yi sa'a ya samu magariba a masallacinmu. Ranar da hadari ya taso da iska kuwa, ba mai jirgin da zai taɓa ruwa, sai ya zauna a ƙetare yana hangen hayaƙin gidajenmu.

Damina ɗaya, damina biyu, har biyar. Mutumin da yake cika ƙofa in ya tsaya, riga ta fara yi masa yawa. Tari ya kama shi, ba ya sakinsa sai rana ta yi zafi. Man babur ya yi ta hawa, abin da aka guje wa a hannun mai gidan haya ya koma hannun mai sayar da mai. 'Ya'yansa uku suna barci yake fita, in ya dawo kuma ba ya da sauran bakin yi musu wasa. Wata rana na leƙa ta ƙofata na gan shi zaune a tabarma, lomar tuwo a hannunsa, kansa ya faɗi a ƙirji. Ƙaramar ɗiyarsa tana tsaye tana kallonsa, ta rasa ko ta tashe shi ko ta karɓe lomar.

Matarsa ta ce, "Malam, tuwon ne ya yi maka waƙar reno?"

Ya farka ya ce, "Ba barci nake ba."

"A'a, karatu kake duba wa miya."

Suka yi dariya. Ni na koma ciki na zauna a bakin gado, na daɗe ban san abin da nake kallo ba.

Ina da shanu biyu, gadon ubana, suna hannun wasu Fulani ta wajen Shanga. Na san in aka sayar da ɗaya za ta kama masa ɗakin nan, har ya kwashi matarsa da yaransa. Na kwana da maganar, na tashi da ita. Amma yaya zan tsaya gaban ɗan farina in ce na ga ka rame, na ga ka gaji, tausayinka ya hana ni sukuni? Bakina bai san hanyar wannan magana ba. Sai na aika aka kira mini Goggonsa.

Ta zo tana dogara sanda, ta saurare ni har na gama, sa'an nan ta riƙe haɓa.

"Ke kam! Ƙofarki na kallon ƙofarsa, amma sai kin taso ni daga gabashin gari da wannan gwiwar tawa? Ɗa kika haifa ko suruki?"

Na ce, "Ke kika raine shi. Ke za ki faɗa masa."

"Ni na raina, ke kika yi naƙuda. Saniya taki, baki nawa?"

"Ki taimake ni."

"Zan faɗa. Amma yaron ga na san shi, kan ubansa gare shi."

Ranar Lahadi bayan azahar ta same shi. Da la'asar ta dawo mini da amsa, ba ta rage komai ba. Ya ce mata, "Goggo, ke kika ga na rame kika shirya wannan. In ma Inna ce ta faɗa, kara take yi mini. Tsohuwa ta sayar da gadon ubanta don in tafi in bar ta ita da kaji? Mutane su ce mi? In har da gaske tana son in tafi, ta faɗa mini da bakinta. Ranar da ta faɗa, washegari zan nemi ɗaki."

Goggo ta kakkaɓe zaninta ta ce, "To, ga ki ga shi. Kalma nawa ce? Tafi ka kama ɗaki. Ko ɗan yaye zai iya faɗinta."

Na ce zan faɗa.

Na sa rana, na ce Asabar, tunda yana gida. Asabar ta zo, ya wuni a fadama yana gyaran kunyoyin gona, ya dawo, ya gaishe ni daga bakin ƙofa kamar yadda ya saba, a durƙushe, idonsa a ƙasa. Na amsa ina kallon bango kamar yadda na saba. Ya tashi ya tafi. Na ce to, wata Asabar.

Wata safiya na yi ƙarfin hali. Na riga shi fitowa, na tsaya a zaure da mayafina. Ya fito da ledarsa, ya gan ni, ya yi turus, don bai taɓa ganina a wurin ba a irin wannan lokaci. Ya durƙusa.

"Inna, lafiya? Akwai magana?"

Maganar tana nan a kan harshena, na ji nauyinta. Na dubi ƙafafunsa, duk sun tsage saboda laka da ruwa. Ya jira. Na san abin da yake jira, shi ma ya san na sani.

Na ce, "A sayo mini kanwa a Yelwa."

Ya ce, "To, Inna." Ya tashi ya gangara.

Da yamma matarsa ta kawo mini kanwa a ƙulle, mai yawa, wadda ta fi ƙarfin tukunyata.

Shekaru ina gaya wa kaina kunya ce ta riƙe mini baki. Kunya ce, ban musa ba. Amma yanzu na tsufa, ba ni da wanda zan ɓoye wa. Akwai wani abu a ƙarƙashin kunyar. Ina son jin tarinsa da asuba. Ina son jin muryar yaran nan a tsakar gida, da matarsa tana yi wa akuya faɗa kamar mutum. Na san in suka tafi Yelwa, sai salla sai salla, gidan ya zama ni da inuwata. Kunyar ta zo ta ba ni wurin fakewa, ni kuwa na fake. Da ma ce mini aka yi kada in faɗa, da na samu wanda zan ɗora wa. Ba wanda ya hana ni.

Ana nan, bazara ta shigo da irin zafin nan da yake sa ido ya yi nauyi. Ranar wata Laraba muna tsakar gida ni da matan maƙwabta muna sheƙar shinkafa, la'asar ta yi sanyi, sai mai jirgi ya yi sallama a ƙofa. Mai jirgi ba ya barin jirginsa a wannan lokaci. Ya ce a kira masa matar Malam. Ya ce Malam ya faɗi da babur a kan kwalta. Ba mota ce ta buge shi ba, ba rami ya faɗa ba. Waɗanda suke bayansa sun ce sun ga kansa yana sunkuyawa, babur ya yi ta bin gefe a hankali har ya sauka daga hanya ya daki bakin kwalbati. Barci ne. An kwashe shi an koma da shi asibiti a Yelwa.

Matar Malam ta ƙwalla ƙara ta zube. Mata suka yi kanta. Ni faifai yana hannuna, na ci gaba da sheƙa. Uwar ɗan fari ba ta kuka a gaban mutane. Na sheƙe abin da ke cikin faifan tas, na juye a buhu, na ajiye, na zaga bayan rumbu. A can na yi kukana.

Goggo da matarsa suka tafi jinya, ni na zauna da yara. Ƙugu ya karye, ƙashin baya ya taɓu. Shanun nan biyu duka aka kora su kasuwa, ba wanda ya tambayi bakina, ni ma ban jira a tambaya ba. Daga asibiti aka kai shi wajen maɗori, daga wajen maɗori aka sake komawa asibiti. Ruwa ya fara dawowa lokacin da aka kawo shi gida, kwance a tsakiyar jirgi, maza huɗu suka ɗauko shi a tabarma. Makarantar ta jira iyakar jiranta, daga baya aka tura wani malami ajinsa.

Mutane suka yi ta zuwa dubiya. Kowa ya ce ƙaddara ce, na ce haka ne, don haka ne ɗin. Goggo kaɗai ba ta ce mini komai ba. Ta zo ta zauna kusa da ni, ta ɓare goro ta miƙo mini rabi. Matar da ba ta taɓa raga mini ba, ranar ta raga, kuma da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Yanzu yana gida. Safe yana gida, rana yana gida. Yaran unguwa sukan zo ya duba musu karatu daga kwance.

Wata rana da hantsi, matarsa ta tafi wanki bakin ruwa, yara suna makaranta, na ji yana kiran a ba shi ruwa. Ya kira sau biyu, ya tuna ba kowa, ya yi shiru. Na ɗebo a randa na tsaya a ƙofarsa. Tun da aka gina ɗakin ban taɓa shiga ba. Na yi sallama na shiga. Ya yi yunƙurin tashi don ya gaishe ni, jikin bai bi shi ba. Na miƙa masa moɗa, ya sha, ya riƙe ta a ƙirji.

Ban zauna ba. Na dubi bango na ce, "Saƙon da Goggonka ta kawo maka, ni na aike ta. Ba kara ba ce. Na ga ka gaji. Na so ka tafi ka kama ɗaki, kuma ban so ka tafi ba. Ranar da na tsaya a zaure, abin da na fito in faɗa ke nan."

Kaza ta shigo ta leƙa ta fita.

Ya ce, "Na sani, Inna. Tun a zauren na sani. Ni ma da na so, da na ce na ji, ba sai kin faɗa ba."

Na ce, "Ka yafe mini."

"Haba Inna." Ya yi wata 'yar dariya da ba ta kai ko'ina ba. "Yanzu kuma wace Yelwa?"

Na juya zan fita, don idona ya cika kuma ban so ya gani. Sai ya ce, "Inna, ƙafar nan ta zame daga kan matashi tun ɗazu. Ba na iya mayar da ita."

Na dawo na durƙusa a bakin gadon. Rabona da taɓa jikinsa tun ranar da aka ɗauke shi daga bayana aka kai shi gidan Goggo. Na sa hannu biyu na ɗaga ƙafar. Ba ta da nauyi ko kaɗan. Na ɗora ta a kan matashin, na gyara, na sake gyarawa ko da yake ta zauna daidai.

Na ce, "Haka ya yi?"

Ya ce, "Ba na jin ƙafar, Inna. Amma in kin ga ya yi, ya yi."