Takardar da Ka Manna Kusa da Sikeli

Daga Allah muke, kuma gare Shi ne makoma. Ranar Talata, tara ga wannan wata, ina shanyar kayan 'yata da hantsi, ƙanwar mijina mai aikin jinya a asibitin yara ta bugo waya ta ce ka rasu, Likita.

Watanta huɗu ranar da na fara kawo maka ita, numfashinta na fita da ƙyar. Na saba da likitocin da ke cikin littattafan labarin da nake karantawa, dogaye masu ƙamshin turare. Sai na tarar da gajeren dattijo, aljihunsa duk tawada, yana ɗumama abin sauraren ƙirji a tafin hannunsa kafin ya ɗora wa jaririya. Daga baya ka gaya min mahaifinka tela ne, kuma kyanda ta ɗauke ƙannenka biyu, shi ya sa ka zaɓi yara.

A bangon ɗakinka, kusa da sikeli, akwai takarda da rubutun hannunka: duk kamfanin magani da ya taɓa ba ka kuɗi, na lacca ko na zuwa taro, da nawa ya bayar. Kowace shekara kana sabunta ta. Mijina ya ga sunan kamfanin da ya yi maganin da ka rubuta mana a ciki, ya ce an saye ka, 'yarsa ba za ta sha ba. Kwana biyu muna ja-in-ja, yarinya na ta tari. Na dawo ni kaɗai, kunya kamar ta kashe ni, na tambaye ka.

Ko fuska ba ka ɓata ba. Ka yi dariya ka ce, "'Yata, ai don a tambaya na manna ta. Ki gaishe da maigidan, ki ce ya iya karatu." Ka rubuta irinsa na wani kamfani, ka tura ni wurin likitar ɗaki na gaba ta duba duka biyun. Ta ce ɗaya ne. Mijina da kansa ya ba ta cokalin farko.

Yanzu shekarunta biyu, ba mai iya kama ta in ta sheƙa.

Allah Ya jiƙanka, Ya haskaka kabarinka, Ya sa Aljanna ce makomarka. Matarka da 'ya'yanka, Allah Ya ba su haƙurin rashi. Mu kuma in tamu ta zo, Ya sa mu cika da imani. Amin.