Littafin Mijina a Murhu

Mijina gyaran rediyo yake yi a unguwar Jarwal, kusa da Harami. Shekarar da talabijin ta zo Jidda ya je sayen kayan gyara, ya gan ta a wani shago, ya dawo kamar wanda aka yi wa asiri. Ya sayi littafin rubutu, wai zai tsara wa masu talabijin wasa: wani jirgi mai yawo cikin taurari, Bahaushe da Bature da Ba'indiye suna ci a faranti ɗaya, ba mai tambayar wani iƙama, takardar izinin zama. Shugabar jirgin ma baƙar mace ce. Na ce, mu baƙaƙe da ake ce wa Takari a titi? Ya ce ɗan Adam zai yi hankali, lokaci ne bai yi ba.

Wata Juma'a bayan la'asar mahaifina ya zo daga unguwar Utaibiyya, mijin nawa, bawan Allah, ya rasa wanda zai karanta wa sai shi. Baba ya saurara har ƙarshe, ya ajiye kofin shayi.

"Ɗayyib, na ji. In sun yi nisan nan, ina za su kalla su yi salla?"

Mu da muke hango Harami daga saman gida, wannan tambaya ba ta taɓa zo mana ba.

"Duniyar gaba ɗaya za su fuskanta, Baba," in ji mijina. "Daga can ɗigo ɗaya ce. Ka'aba na ciki, Musulmi da wanda ba Musulmi ba duk suna ciki."

Wallahi na zaci rufin zai faɗo mana.

Baba ya miƙe. "Esh hada? Mene ne haka? Ko daftar ɗin nan ya bar gidan nan, ko 'yata ta bar shi. Na ba ka zuwa Juma'a."

Mijina ya kafe, ya ce bai faɗi saɓo ba. Ni kuwa ga ciki wata bakwai. Ran Alhamis da hantsi, yana shago, na tura littafin cikin murhu.

Da ya dawo na gaya masa da bakina, na shirya wa faɗa, har saki na shirya wa. Ya daɗe yana kallon tokar.

"Tsoro kika ji," ya ce. Ya wanke hannu, ya ci tuwon da na dafa a wutar.

Da ma zagina ya yi. Shekara talatin muka yi bayan nan, ban sake ganinsa da alƙalami ba sai in zai sa hannu a takarda.