Yatsu Huɗu Tsakaninsa da Inuwa

Dattijon yana kan keken guragu, damatsa kamar na maƙeri, ƙafafu a naɗe kamar tsumma. Buhun tsofaffin takalma a bayansa, da gani gyaransu yake yi. Na rantse kafin a kewaye lambun nan, gindin bishiyar can ne wurin aikinsa. Yanzu an kafe ƙofar da ƙarafa, wai maganin masu babur. Yana auna tsakaninsu da hannu, yana auna kekensa. Yatsu huɗu kacal suka hana shi wucewa.

Mai gadi ko kunya babu: "Baba, bar keken a waje ka shigo mana."

"Da ƙafar wa, ɗana? Ara mini taka."

Ga shi can ya zazzage buhunsa a bakin kwalta, cikin rana, motoci suna ta feshe shi da hayaƙi.