Guduma da Tattabarun Auta

Guduma ake ce masa, kuma wanda ya laƙaba masa sunan bai yi ƙarya ba. Rushe gini ce sana'arsa. In an sayi tsohon gida ana so a mai da shi fili, shi ake kira, ya zo da mutanensa su yi masa rubdugu. Tun yana yaro hannunsa ya fi bakinsa sauri. Da dukan bel ubansu ya rene su, shi da ƙaninsa Auta, sai ya tashi da fahimtar cewa duk maganar da ta ƙi ƙarewa, naushi ke ƙarasa ta. Ya taɓa zubar wa wani direban tifa haƙoran gaba don ya kira shi lebura. Shi ma jikinsa ya gaya masa: hanci a karkace, kunne a yage.

Da uban ya rasu ya bar musu gidan bene. Guduma da iyalinsa a ƙasa, Auta da nasa a sama. Can ƙololuwa akwai fili na siminti inda mata ke shanya, nan Auta ya kafa akurkin tattabaru. Bakanike ne, ba shi da yawan magana, amma in ya ƙulle abu a ciki sai Allah.

Wata rana katanga ta rufto wa Guduma a wurin aiki, ta ragargaza masa ƙafar dama, aka sa masa ƙarfe. A asibiti, wani tsohon mai gyaran famfo da ke gadon kusa da nasa ya nuna masa hoto a waya: latas ya yi kore shar a cikin bututun roba, babu ƙasa ko ta shafawa.

"Babu ƙasa? Kai tsoho, ka mai da ni yaro?"

"Ruwa ne da taki kawai. Ka huda bututu, ka sa kofi a kowane rami, saiwa ta riƙa shan ruwan. Amma ba aikin mai zuciya ba ne."

Wannan kalmar ta ƙarshe ce ta tunzura shi. Da aka sallame shi, zaman gida ya ishe shi, ya sa aka haura masa ƙololuwar benen da tsofaffin bututun da ya tara daga gidajen da ya rushe. Ya huda su, ya jera kofuna, ya cusa soso da iri, ya cika da ruwa. Tsiron ya fito, ya yi rawaya, ya langaɓe. Da ya ɗaga kofi, saiwar ta ruɓe tana wari. Ya ɗauki sandarsa ya bi bututun da duka har sai da suka zama tarkace. Matarsa na tsaye da bokitin wanki tana kallo.

"Maigida, latas fa ba ya jin duka."

Ya harare ta, ta ci gaba da shanyarta. Washegari ya kira tsohon a waya, ya sha faɗa kamar ɗan makaranta. Ruwan da ba ya motsi shaƙe saiwa yake yi. Durom ɗin ajiye ruwa a buɗe cikin rana gansakuka yake haifarwa. Taki kuma aunawa ake yi, ba a ɗiba da hannu kamar siminti. Guduma ya sake sabon lale. Ya sa ɗan ƙaramin injin da ke zagaya ruwa, ya rufe durom, ya bar wa saiwa wurin shan iska. Wannan karon abin ya kama. Mutumin da bai taɓa gina komai ba sai ga shi a tsugune yana leƙen fararen saiwoyi, yana kiran matarsa ta zo ta gani.

Tattabaru ma sun gani. Suka fara tsattsage ganyen gefe.

"Auta, ka kulle tsuntsayenka."

"Yaya, tsuntsu da fiffike aka halicce shi. Sun riga ciyawarka zuwa nan. Ka sa raga mana."

"Ni zan sa raga a gidan ubana?"

"Ni ma ai ba tsinto ni aka yi ba."

Wata safiya Guduma ya hau ya tarar an yi masa ƙarƙaf, kofuna sai kututture da kashin tsuntsu. Ya watsa hatsi cikin akurki, ya jira tattabarun suka shiga, ya bi su ya ja ƙofa. Daga ƙasa matarsa ta ji fuka-fukai na dukan langa-langa. Ya murɗe wuyansu ɗaya bayan ɗaya, har 'yan shila da ba su fara tashi ba, ya zube su a ƙofar ɗakin ƙaninsa.

Auta ya dawo daga gareji ya gani. Ya kwashe su a buhu. Ya bari Guduma ya sake shuka, ya bari ganyen ya yi faɗin tafin hannu. Ranar da za a fara tsinka, ya hau da galan na baƙin mai ya juye a durom. Injin ya yi aikinsa, ya raba wa kowace saiwa rabonta.

Guduma ya hau ya same shi a tsaye yana jira, sifana a hannu.

"Yanzu mun yi daidai, Yaya."

Guduma ya yi kansa. Auta ya sauke masa sifanar a kafaɗa, ƙashi ya ce ƙas. Suka rungume, suka faɗa kan bututun, durom ya kife, baƙin ruwa ya malale simintin. Suna tashi suna zamewa, suna naushin duk inda hannu ya samu. Auta ya san inda ciwo yake, ya tattake ƙafar mai ƙarfe. Guduma ya yi ƙara irin ta sa a mayanka, ya laluba ya damƙi guntun bututu da ya tsage, ya kai sara bai duba ba. Tsinin ya shiga idon Auta na hagu.

Matansu biyu suka hauro suna salati. Auta na durƙushe, jini na bin tsakanin yatsunsa yana ɗiga cikin man. Guduma ya tsaya da bututun a hannu. Sai ya yar da shi, ya saɓi ƙaninsa a kafaɗar da ba ta karye ba, ya sauko da shi benen a kan ƙafar da ba ta gama haɗewa ba, yana cewa, "Auta, yi magana. Auta, don Allah."

Idon bai tsira ba. Da 'yan sanda suka zo asibiti, Auta ya ce santsi ne ya kwashe shi. Daga nan bai ƙara yi wa yayansa magana ba. Yana samun sauƙi ya kwashe iyalinsa ya kama haya kusa da gareji.

Ƙafar Guduma ta lanƙwashe, rusau ya gagare shi har abada. Ya kankare simintin, ya sake jera bututu, yau shi ke kai wa gidajen abinci na layinsu latas da tumatir. Zuciyar na nan, sai dai yanzu in ta taso yakan shige ɗaki ya ja ƙofa. Ya aika manya sun ba da haƙuri, ya je da kansa ya tsaya a ƙofar gareji har yamma, Auta bai fito daga ƙarƙashin mota ba. In sun haɗu a hanya Guduma kan yi sallama, Auta kuwa sai ya juya masa ɓangaren da ba ya gani, ya wuce.